Ranar da Baba ya amsa kirana

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin nan ba, ko da kuwa na tsufa na manta inda na ajiye ɗankwalina. Har yanzu in na tuna ina tsakiyar daka sai in ji taɓarya ta yi mini nauyi.

Maigidana yana karatun Jamusanci a iniversite a Yamai. (Kar ku jira in rubuta sunansa. Na faɗe shi rana ɗaya, za ku ji abin da ya biyo baya.) Ni kuwa lakwal ɗina, wato bokona, a garinmu Korahane ya tsaya tun ban gama firamare ba, Faransancina bai wuce na gaisuwa da na asibiti ba. Aka kawo ni gidansu a Dakoro, na haifi ɗanmu na fari, aka sa masa sunan kakansa, wato mahaifin maigidana, shi ya sa kowa ke ce masa Abba. Shi yana can yana karatu, ni ina nan da Inna da Baba, surukaina, da ƙanwarsa Rakiya wadda Allah ya yi wa baki ba birki.

Ba wanda ya taɓa muzguna mini a gidan nan, in faɗi gaskiya. Abin da ke cin raina daban ne. Duk bakansin da ya dawo hutu sai in ga ya ƙara nisa. Zai zauna bakin tabarma ya zana magana guda a takarda, ya yi mata rassa kamar itace, ya yi ta kallonta yana murmushi shi kaɗai. Na taɓa tambayarsa me ya gani a ciki. Ya ce wai su Jamusawa, in magana ta yi tsawo, sai su ɓoye abin da aka aikata sai can ƙarshe, dole ka jira mutum ya gama kafin ka san zagi ne ko yabo. Na yi dariya ne kawai don ya ji daɗi. Mutumin da ke murmushi da takarda, wata rana me zai zauna ya faɗa wa irina?

Da daminar bana ya zo da labari. Akwai wata malamarsu Bajamushiya, Madam suke ce mata, za ta buɗe ƙaramin aji na masu farawa daga tushe, kuma saura gurbi ɗaya. Ya yi mata maganata. Ta ce in na iya gaisuwa da gabatar da kaina, za ta gwada ni ta tarho, in ta ga da alama sai ta ɗauke ni. Ma'ana in bi shi Yamai, ni da Abba, mu zauna ɗaki ɗaya kamar kowane miji da mata. Baba ya ce shi ba ya hana neman ilimi. Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta ce dai a gwada a gani.

Wayyo, na ci wuya. Harshen nan ana yin sa ne da maƙogwaro, kamar mai ƙoƙarin fitar da ƙayar kifi. Ina wanki ina maimaitawa, ina tankaɗe ina maimaitawa, Rakiya na bina a baya tana cewa, "Matar yaya, in kawo miki ruwa ne? Wani abu ya maƙale miki?" Kowane abu kuma sai ka san mace ne ko namiji. Da na ji rana mace ce, wata kuma namiji ne kamar a wurinmu, na ce ashe dai su ma mutane ne. Sai aka zo kan wuƙa, ya ce ita ba mace ba ce ba namiji ba. Na ajiye wuƙar da ke hannuna na yi tagumi.

Amma na iya. Wannan ne ke ƙara ƙona mini rai, wallahi na iya. Sunana, garinmu, ina da aure, ina da ɗa guda, ina son shinkafa da wake. Yana tambaya ina amsawa kamar ruwa. Wuri biyu kawai muke tsallakewa. In ya zo kan "yaya sunan mijinki?" sai in sunkuyar da kai in ce "uhm," shi ma ya sosa ƙeya ya ce, "To, nan sai ki faɗa," mu wuce. In ya zo kan sunan ɗa, haka. Ko sau ɗaya ba mu tsaya mun ce to ranar gwaji fa, me za a yi da wannan "uhm" ɗin ba. Shi da ke zana wa magana rassa, ni da ke lura da komai har kazar maƙwabta in ta canza tafiya, duk ba wanda ya yi tunani. Abu ɗaya ya ja mini kunne a kai: a wurin Turawa ba a ba da laƙabi, sunan yanka ake faɗa. Wannan kam na riƙe shi gam.

Gidanmu rezon tarho ba ya kamawa da kyau sai gindin dogon yaron da ke tsakar gida, kusa da rumbu. Nan ne kuma Baba ke shimfiɗa buzunsa bayan la'asar, ya ɗora rediyo a ƙirji ya yi gyangyaɗi. Ba a tayar da Baba don tarho. Inna ta jawo kujerarta ta tsugunno da ƙwaryar wake tana tsinta, ta ce ita sai ta ga Baturiyar nan da idonta. Rakiya ba ma sai an gayyace ta ba. Na sa atamfata ta suna, na goya Abba, na zauna a kan turmin da aka kifa. Maigidana ya tsuguna gabana yana riƙe da tarho.

Madam ta fito a fuskar tarho. Tsohuwa ce mai furfura da gilashi, fuskarta sake. Ta ce "sannu" da Hausa, Inna ta ce, "A'a, lahiya lau!" har da gyara zama. Aka fara. Na gaishe ta, ta amsa. Sunana, na faɗa. Garinmu, na faɗa. Tana gyaɗa kai tana murmushi, maigidana yana ɗaga mini babban yatsa ta bayan tarho. Har na fara ganin kaina cikin kar, babbar motar Yamai, mun wuce Maraɗi, Abba na barci a cinyata.

Sai ta tambayi sunan mijina.

Na ce, "Uhm."

Ta matso da fuskarta, ta ɗauka rezo ne ya yanke. Ta sake tambaya a hankali, kalma kalma, kamar mai ba jariri kunu. Na dubi maigidana. Ya zaro ido yana motsa baki ba sauti: faɗi, faɗi. Na saci kallon Inna, kanta na cikin wake. A nan ne shaiɗan ya raɗa mini wata dabara wadda har yau nake mamakin yadda na yarda da ita. Ya ce ai da Jamusanci za ki faɗa, wa zai gane? Na haɗa jimlar tsaf, na sa sunan a ƙarshe, na faɗa can ƙasan maƙoshi.

Madam ta kama kunnenta, ta yi alamar in ɗaga murya.

Na ɗaga.

Jama'a, suna ba ya shiga Jamusanci. Duk sauran maganar ta tafi Turai, shi kuwa ya tsaya nan tsakar gida tsirara, yadda liman ya raɗa shi. Na ji waken da ke hannun Inna ya daina zuba cikin ƙwarya. Rakiya ta cusa bakin mayafinta a baki, kafaɗunta na rawa. Ni da tun da aka kawo ni ko sunan maƙwabcinmu mai irin sunansa ban taɓa kamawa ba, sai dai in ce "mai shagon can."

Da a nan aka tsaya, da wataƙila an yi mini uzuri. Amma Madam ta ji daɗi ƙwarai, ta tafa hannu, ta hango kan Abba ta bayan kafaɗata, ta tambayi sunansa.

Ku duba fa. Abba kawai zan ce. Abba! Tsohuwar nan a ina za ta san ba shi ne na yanka ba? Amma kaina ya riga ya ɗauki zafi, kunnuwana na ƙara, abin da kawai ya rage a ciki shi ne ba a ba Turawa laƙabi. Kuma ta riga ta koya mini ɗaga murya. Na buɗe baki na kira sunan ɗan farina, wanda uwa ba ta kira, wanda kuma shi ne sunan surukina, da ƙarfin da ake kiran yaro daga bakin rijiya.

Baba ya zabura daga gyangyaɗi, rediyo ta zame daga ƙirjinsa. Ya ce, "Na'am! Wa ke kira na?"

Ya waiga dama, ya waiga hagu, yana neman wani tsoho sa'ansa, don rabon da a kira shi da wannan suna gatsau tun iyayensa na da rai. Ba kowa sai ni, bakina bai ma gama rufuwa ba. Rakiya ta kasa, ta faɗi gefe tana riƙe ciki tana cewa, "Baba, matar yaya ce! Aike za ta yi ka!"

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai san turmi ya gangara, takalmina ɗaya ya tsaya a wurin, na faɗa ɗaki na tura ƙyaure na sa sakata. Abba ya tsorata ya fashe da kuka, na taya shi.

Maigidana ya zo bakin ƙofa da tarho a hannu. Ina jin muryar Madam tana kiran sunana, tana tambaya ko lafiya. Shi kuma yana raɗa, "Ke, don Allah hito, saura tambaya kaɗan. Ta ce kin yi ƙoƙari. Hito mana." Na ce ko gobara ta kama ɗakin nan ba ni fita. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya koma lallashi. Can na ji yana yi mata dogon bayani da yarensu, irin wanda sai ƙarshe ake sanin inda ya dosa. Ni na riga na sani. Ta jira iya jiranta. Daga baya ta ce masa ta fahimta, ba ta ji haushi ba, amma ba za ta iya ɗaukar wadda ba ta gama gwaji ba alhali wasu na jira.

Baba bai ce mini komai ba, har yau. Da ma ya yi faɗa. Abin da ya koma yi shi ne, in zai shigo gida sai ya yi ta gyaran murya tun daga zaure, don in samu in ɓuya, ni kuma in ɓuya ɗin. Inna ce ta yanke magana washegari, tana dama fura, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce da ɗanta, "Yaren ga, ta cikin tarho kaɗai ya cire mata kunya. In ta tahi can ta zamna cikinsu, mi za ya cire?" Ya buɗe baki zai yi bayani. Ta ce, "Sha hurarka."

Da bakansi ya ƙare ya hau kar shi kaɗai. Ban raka shi ko zaure ba, don Baba na zaune a wurin. Ta tagar ɗaki na ga bayansa da jakarsa. An ba wata gurbin, matar wani abokin karatunsa, na ji an ce har ta fara karanta allon kan hanya.

Ni ina nan Dakoro. Rakiya ta samu abin yi na shekara: in Baba na neman butarsa sai ta leƙo ta ce, "Matar yaya, ke da kuka saba, kira mana shi." In maigidana ya bugo sai ya ce in ci gaba da maimaitawa kar in manta, wataƙila a sake buɗe aji. Ina ce masa to. Ban gaya masa ba cewa duk sanda na buɗe baki zan gwada, ko ni kaɗai ce a madafa, sai in ji kamar wani zai amsa daga bayana.

Abin da na koya dai, in za a gwada ki a kan yaren mutane, kar ki tsaya kan abin da ke gabanki kawai, ki waiga ki ga wa ke kwance a bayanki. Wurin da kike tsallakewa da "uhm" kuma, nan za a tsaya a ce ki ɗaga murya. Na ci duk tambayoyin da Madam ta samu yi mini, ban kuskure ko ɗaya ba, kuma daidai ɗin da na amsa ne ya zaunar da ni a gida.