Ranar da Na Tafi Gummi Neman Zaƙi

Ni dai har gobe ban yarda laifina ne ba. Lokacin muna jihar Sakkwato, tun ba a raba ta ba, Malam maigidana ya kamu da ƙaiƙayi a gabansa, ga fitsari ba iyaka. Ƙanensa Sani ya kai shi asibitin Anka. Da sunka dawo na tare Sani a zaure.

"Mi likita ya ce?"

"Matar yaya, ya ce zaƙi ne ya jawo."

Ban tsaya jin sauran ba, ai ni ba yarinya ba ce. Malam yana cin kasuwar Gummi, kuma a tasha akwai wata mai tuwo da direbobi ke ce ma Zaƙi. Na hau mota. Gaban jama'a na damƙi zanenta, na zayyana cutar da ta shafa wa mijina, ban rage komi ba.

Sai ga Sani yana haki. "Ciwon sukari ne fa, shi ke kawo ƙaiƙayin."

To wa ya hana shi cewa sukari tun farko? Malam ya daɗe bai kula ni ba, don duk Gummi ta san abin da ke cikin wandonsa. Har yau mai shayin tasha in ya hango ni sai ya ce, "Inna, a sa zaƙi, ko har yanzu kuna gaba?"