Ladabin da Na Yi wa Laoban a Filin Golf

Ba zan taɓa mantawa da tafiyarmu tsibirin Hainan ba, ko da kuwa tsufa zai sa in manta hanyar gidanmu. Zan ba da labarin a jere yadda ya faru, domin ni ba na son a fara magana daga tsakiya.

Da farko dai ni ɗan kasuwa ne, kuloli nake saya, irin waɗanda ake zuba abinci, ake kuma jerawa a ɗakin amarya. A shekarar da China take shirin wasannin Olympics ina zaune a Guangzhou, ina da ɗan ofis a benen Tianxiu: teburi ɗaya, kujera biyu, sai kantar samfur. Duk wanda ya san ni ya san ba ni da wasa. Kulolina a jere suke daga ƙarama zuwa babba, idan baƙo ya ɗaga murfi ya ajiye ba a mazauninsa ba, sai na gyara kafin mu ci gaba da ciniki. (Mutanen hawanmu “Hedimasta” suke ce mini a bayan idona. Na sani. Firamare kawai na gama, shi ya sa ban taɓa hana su ba.)

Masana'antar da nake saye a wurinta ta wani dattijo ce, Laoban Cen. Laoban shi ne maigida da yarensu. A shekarar nan ya yanke shawarar naɗa wakili ɗaya tak da zai riƙe masa Arewacin Najeriya da Nijar, kowa ya riƙa saye ta hannunsa. Mu biyu muka rage a takarar: ni da Elhaj Mamman na Maraɗi, wanda ofishinsa yake kallon nawa. Kwano ɗaya muke ci, tare muke zuwa Masallacin Huaisheng ran Juma'a, kuma kowannenmu yana roƙon Allah Ya ba shi, Ya ba ɗan'uwansa haƙuri.

Wata rana sai ga Yusufu, tafintan masana'antar, wani Basine Musulmi mai fara'a. Ya ce Laoban ya gayyace mu hutu a tsibirin Hainan, can kudu cikin teku, yawon buɗe ido da wasan golf, komai a kansa. Ya ce attajiran Turai tsibiran Bahar Rum suke zuwa irin wannan hutu, su kuma nasu attajiran nan suke zuwa.

“Laoban ba ya zaɓen mutum a ofis,” in ji shi. “So yake ya ga yadda mutum yake cin abinci, da yadda yake tafiya, da yadda yake da manya.”

Ina jin “yadda yake da manya” na ce a raina magana ta ƙare. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, bai bar mana gida ko gona ba, amma ya bar mana ladabi. A gidanmu idan hular babba ta faɗi, ba ta kaiwa ƙasa. Idan ya yar da sandarsa, kafin ya sunkuya ka durƙusa ka miƙa masa da hannu biyu. Elhaj kuwa mutum ne da yake dariya da abinci a baki. Na tausaya masa.

Na biyu, tsibirin. Jama'a, na ga ikon Allah. Tun daga cikin jirgi na hango ruwa kala uku, shuɗi mai duhu a nesa, kore a kusa, sannan fari fat inda yake taɓa yashi. Ni da iyakar ruwan da na sani shi ne dam ɗin Tiga, sai na kama tasbihi ban san na fara ba. Otal ɗin da aka sauke mu ba shi da ƙofar shiga sam, rumfa ce mai tsayin masallaci, iska tana ratsawa ta ko'ina, ta can ƙarshenta kana hango teku kamar an rataye hoto. Wata yarinya ta miƙo mini tawul mai sanyi a kan faranti, na tsaya ina tunanin ko ci ake yi, har sai da na ga Yusufu ya goge fuska da nasa. A ɗakina an naɗe tawul an yi siffar tsuntsu da shi a kan gado. Ban warware shi ba har muka taho, da rawanina na riƙa goge jiki.

An zaga da mu. An kai mu wani bakin teku mai manyan duwatsu masu santsi, an rubuta wa ɗaya jan rubutu, Yusufu ya ce mutanen zamanin da sun ɗauka nan ne ƙarshen duniya. Na tsaya na dubi ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar, ban ga laifinsu ba. An sare mana kwakwa a gabanmu muka sha da tsinke. Abin da ya fi taɓa ni shi ne wata unguwar Musulmi da aka kai mu, a tsakiyar tsibirin nan mai nisa, tsofaffin mata da lulluɓi suna sayar da busasshen kifi, ladan yana kiran salla. Na yi alwala idona yana kawo ruwa. Elhaj kuwa yana can yana taya lu'ulu'u.

“Hedimasta, ka saki jikinka hwa,” ya ce mini. “Hutu aka kawo mu, ba jarabawa ba.”

“Kai ne ba ka san jarabawa ce ba,” na ce masa.

Na uku, ranar golf. Laoban ya riga mu tafiya filin tun da safe tare da wani amininsa mai sanƙo, wanda suka shekara da shekaru suna wasan tare. Mu aka ce a kai mu daga baya mu same su. A mota Yusufu ya juyo ya fara bayani.

“Wasan nan, abin da ake nema a cikinsa shi ne...”

Na ɗaga masa hannu. “Malam Yusufu, huta. Muna da filin golf a Kano tun kafin a haife ka.”

Gaskiya na faɗa, akwai shi. Abin da ban faɗa ba shi ne ta bakin titi kawai nake wucewa a kan babur, in hango manya suna dukan abu da sanda, masu riƙe musu jaka suna bin sawun abin cikin ciyawa. Daga nan na haɗa nawa ilimin: babba ya doka, na ƙasa da shi ya je ya ɗauko. (Ni ba na son a yi mini bayani a gaban abokin takara. Wannan hali har yau ina fama da shi.)

Filin kuwa, ban san da me zan kwatanta shi ba. Ciyawa ce kore shar, an aske ta daidai wa daida, tudu da kwari, har bakin teku. Babu ko karan sigari a ƙasa. Na sunkuya na shafa don in tabbatar ba darduma ba ce. Ni mai son tsari, ranar na ga inda tsari yake da gidansa. A zauren shiga akwai wani allo na katako mai ƙyalli, da sunaye 'yan kaɗan a rubuce da ruwan zinariya. Yusufu ya ce sunayen waɗanda suka yi wata bajinta ce da mutum kan yi sau ɗaya a rayuwa, ko ya mutu bai yi ba, kuma babban burin Laoban ke nan a duniya. Na gyaɗa kai kamar na gane. Ban tambayi wace bajinta ba.

Aka ɗauke mu a wata 'yar mota mai batir, marar ƙara, muka same su a kan wani dandamali. Ina sanye da farar shadda, dogon wando da hula zanna, domin ni ba na zuwa gaban manya da gajeren wando. Muka gaisa, nihao, nihao. Laoban ya sa yatsa a baki alamar a yi shiru. A gabansa akwai ɗan tudu, bayan tudun ana hango kan wata jar tuta kawai, sai teku.

Ya gyara tsayuwa. Ya dubi tutar, ya dubi ƙwallo, ya sake duban tutar. Sannan ya kaɗa sanda. Ƙas! 'Yar farar ƙwallon nan ta tashi sama kamar an aike ta, ta yi baka a kan shuɗin sararin, ta sauka bayan tudu ta ɓace. Kowa ya ce “Ooo!” Wallahi abin ya yi kyau.

Sai na ga dattijon ya kare ido da hannu yana leƙe, yana neman inda ta faɗa. Na dubi 'yan matan da suke riƙe da jakunkuna, ba wadda ta motsa. Na dubi Elhaj, yana tsaye hannu a aljihu. Na ce a raina, yau ga ranar tarbiyya. Mutum mai furfura ya yar da abu, a tsaya ana kallonsa?

Na tattare shaddata na zuba a guje.

Na ji ana kira a bayana, Yusufu yana ce mini “Alhaji! Alhaji!”, 'yan matan suna ihu da yarensu. Na ɗauka kirari ne. Na ƙara mai. Hulata ta faɗi ban waiwaya ba. Na haye tudun ina haki, na gangara wani fili mai laushi kamar karan-miski, na duba gabas na duba yamma, babu ƙwallo. Can sai na lura da wani ɗan rami a gindin tutar. Na leƙa. Ga ta a ciki, ta lafe.

Na yi tsaki. Na ce fili mai kyau haka a bar rami a tsakiyarsa, ai ga irin ta nan. Na zura hannu na ciro ta, na goge ta tas da bakin rigata, na juyo da sassarfa. A kan tudun na ci karo da su, sun biyo ni a motocinsu. Na nufi Laoban, na durƙusa har ƙasa, na miƙa masa da hannu biyu.

“Malam Yusufu, gaya masa ya kwantar da hankalinsa,” na ce, ina numfashi sama-sama. “Cikin rami ta faɗa, amma na ciro ta. Ba abin da ya same ta.”

Yusufu bai fassara ba. Bakinsa a buɗe kawai. Sai da Laoban ya daka masa tsawa sannan ya faɗa, a hankali, kamar mai kai saƙon rasuwa.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi abu biyu a lokaci ɗaya ba sai ranar. Dattijon ya daka tsalle kamar yaro, ya yi ihu, sannan ihun ya katse. Ya dubi ƙwallon da ke tafin hannuna. Ya dubi tutar. Amininsa mai sanƙo ya tambayi wani abu, aka ba shi amsa, sai ya fashe da dariya har ya zauna daɓas a ciyawa, yana kaɗa hannu yana cewa “Meyo! Meyo!”, wato babu.

Elhaj ya matso ya raɗa mini, “Ɗan Kano, mi ka aikata haka? Ramin nan shi a wasan duka! Bugu guda ta shiga. Ba ka ga allon zinariya ba?”

Sai a lokacin komai ya jeru a kaina, ɗaya bayan ɗaya, yadda nake son abubuwa su jeru. Ramin da gangan aka haƙa shi. Bajintar allon ita ce a jefa ƙwallo ciki da bugu ɗaya. Kuma sai abokan wasa sun taka sun gan ta a ciki da idonsu kafin a rubuta sunan mutum. Dattijon nan ya yi abin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana nema, kuma duk duniya ba wanda ya gani sai ni, baƙon da yake neman wakilci a hannunsa.

Ina nan a durƙushe. Na rasa yadda ake tashi. Na ce, “Ko in mayar da ita?” Wannan kam, Yusufu ya yi mini rai bai fassara ba.

Laoban ya karɓi ƙwallon. Ya dube ni ya yi magana.

“Yana tambaya,” in ji Yusufu, “ka tabbata a ciki take? Ba a baki ba?”

“A ciki tsundum. Sai da na zura hannu har wuyan hannu.”

Aka fassara. Dattijon ya rufe ido, ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya ce in sake, a gaban mai sanƙo. Na sake.

Na ƙarshe, sakamako. Ba a rubuta sunan Laoban a allo ba. Da muka koma Guangzhou aka ba Elhaj Mamman wakilci. Yusufu ya ce Laoban ya yaba da ladabina ƙwarai, amma ya ce mutumin da ba ya tsayawa a gama yi masa bayani, wata rana kwantena zai ciro daga inda ya kamata ta zauna. Ban yi musu ba. Tun daga lokacin ta hannun Elhaj nake sayen kuloli, kuma duk ranar da na shiga ofishinsa sai ya saki biro a ƙasa da gangan ya ce, “Hedimasta, a taimaka wa babba.”

Ni ma dai ban tashi a banza ba, an ba ni muƙami. Duk lokacin da Laoban ya yi manyan baƙi, sai ya aiko mota Tianxiu a ɗauke ni, a kai ni gidan cin abincin Musulmi, a zaunar da ni kusa da shi. Idan an ci an sha shayi, sai ya fito da ƙwallon daga wani ɗan akwatin gilashi, ya yi mini alama. In miƙe, in gyara hula, in ba da shaida tun daga farko, a jere, har zuwa wuyan hannu. Mai sanƙo yana gefe yana cewa meyo.

Har gobe ban daina ladabi ba, gadon gidanmu ne. Sai dai yanzu idan abu ya faɗi daga hannun babba, nakan tsaya tukuna in tambaya: “Ranka ya daɗe, a ɗauko, ko nan ka aike ta?”