Balaraba Mai Ƙuli Ta Ci Ado

"Salamu alaikum! Ina tsohuwar gidan ga, tana nan da ranta ko mu fara jiƙa gero?"

"Wa alaikumus salamu. Gumbata kaka jira? Za ka daɗe da yunwa, ɗan nema. Shigo, maigida, amarya ta shirya tun da sahe."

Jabir ya tura ƙyauren langa-langa ya shiga, kyamara rataye a wuyansa, sai ya ja ya tsaya turus. Tsakar gidan da ya sani da hayaƙi da ɓawon gyaɗa, yau an share ta tas har da yayyafin ruwa. Babu turmi, babu kaskon suya. An girke kujera mai hannu a tsakiya, ga fulawar roba cikin gwangwanin madara, ga kakarsa Balaraba ta hakimce cikin lesi ruwan ƙwai, ɗauri ya kusa taɓo igiyar shanya, ido ya sha kwalli raɗau, hannuwa bisa gwiwa.

Ya daɗe yana yawon ɗaukar hoton biki da suna a Kaura Namoda, ana sallamarsa da kwanon shinkafa, kafin wani editan jarida a Gusau ya yarda ya gwada shi. Sharaɗin shi ne ya kawo hoton matan da suka baro ƙauyukansu suka kama sana'a a gari, a bakin aikinsu, ba shiri ba kwalliya, kuma yau wa'adin ke cika. In hoton ya yi, a ɗauke shi aiki. In bai yi ba, mahaifinsa Sirajo direba ya riga ya gama magana: ya ajiye kyamara ya kama ƙofar mota, ya riƙa kiran fasinjan Shinkafi. Duk gidan da ya leƙa a unguwar an rufe masa ƙofa, shi ya sa ya dawo kan kakarsa mai ƙuli-ƙuli. Wautarsa ɗaya ce, jiya ya gaya mata zai zo ɗaukar hoto.

"Kaka, auren wa za ki? Ko wani tsoho kinka samu a bayan idona?"

"Da na samu ai da na huta. Miji ba cehwane, ba ko goro, sai baƙin akwati ga wuya kamar tunkiyar da anka rataya ma ƙararrawa. Ɗauka maza, ɗaurin ga ya ishe ni nauyi."

"Ni fa hoton aiki na ce. Ina turmin?"

"Bayan ɗaki, na lulluɓe shi da tabarma."

"Kaskon suya?"

"Gidan maƙwabciyata Indo. Ta ara man kujera, na ba ta ajiyar kasko."

"To tsohon zanen nan naki na aiki, wanda ya sha mai?"

"Ku ji man ɗan banza! Zanen da ko kaza ba ta yarda ta yi ƙwai bisa shi? Tunda uwarka ta haihe ka, ka taɓa ganin an ɗauki mutum hoto bai yi wanka ba?"

"Wannan hoton jarida ne, Kaka. Ni yanzu ɗan jarida nake son zama."

"Ɗan jarida ba rediyo? Ni kullum rediyona na kunne, ban taɓa jin an ce ga Jabiru ba."

"Ni da hoto nake ba da labari."

"Kai da Allah ya ba baki ma mi ka taɓa hwaɗi na kirki, balle akwati? Ranar sunan ɗiyar ƙanwarka Nafisa ba kai ka ɗauke ni ba? Anka kawo hoto, babu kai, sai ƙahwahuna da kwanon tuwo."

"Ke kinka zabura za ki wawuri nama ina cikin dannawa."

"Naman da kai ka riga ka cika aljihu da shi."

Jabir ya dafe kai. Ya zagaya kujerar, ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu, ko zai samu wani gefen da tsohuwar ta yi kama da mai sana'a. Ina! Ta ko'ina ya duba, uwar amarya yake gani.

"Kaka, in ba ki tashi kin kama taɓarya ba, yau igiyar aurenmu ta tsinke. In je in auro yarinya mai haƙora."

"Wa za ya ba kwandasta ɗiya? Gwada man in ji. 'Shinkahi! Shinkahi! Saura mutum guda!' Wallahi muryar ta dace da kai, ga ka siriri, ko kujera ba ka ci, sai a maƙale ka ga ƙohwa."

Wannan ta shige shi, don ita ce maganar da ke hana shi sukuni kwanakin nan. Ya durƙusa a gabanta ya sassauta murya.

"Don Allah, tsohuwa, ki taimaki mijinki. Editan ya ce ba ya son hoton zama bisa kujera, gaskiya yake so, yadda kuke rayuwa. Kin tuna hoton nan naki na kan hanya, ranar da kunka baro ƙauye? Ba ki shirya ba, ba ki ma san an ɗauka ba, amma har Abuja an gan shi. Shi ya sa mutane sunka san halin da ƙasar Zurmi ke ciki. Ni ma tun ranar da na gan shi na ce aikin ga zan yi."

Da ya san abin da zai tono, da ya haɗiye maganarsa. Balaraba ta sauke hannuwanta daga gwiwa, ta dube shi, kallon da babu wasa a cikinsa.

"Kai hoto kag gani. Ni kaina nig gani ba ɗankwali."

"Kaka…"

"Bari in gama. Mun kwana daji, mun biyo ta Gurbin Bore da ƙahwa, ƙaya ta cire man ɗankwali ban ko tsaya ba. Takalmi guda, baki buɗe ina haki. Sai ga wasu da farar mota, ko sallama babu, ko ruwa ba su miƙo ba, sai ƙyas ƙyas ga huskata. Bayan nan kowa da waya tai, yana nuna man kaina, furfurar da ko surukaina ba su taɓa gani ba. Nac ce a karanta man abin da anka rubuta ƙasa. Ka san mi sunka sa? Wata mata. Ni da rumbuna ba su taɓa hwaɗuwa ƙasa ba, ni da nike ciyar da masu biki gari guda, na koma wata mata. Yanzu kai ma, jinina, kana biɗar in sa tsumma, don mutanen birni su duba su ce wayyo, su ci gaba da shan shayinsu."

Jabir ya rasa inda zai sa kansa. Kunya ta rufe shi, irin wadda ke sa mutum jin nauyin abin da ke rataye a wuyansa. Hoton da ya daɗe yana yabo, bai taɓa tambayar mai shi yadda ta ji ba, alhali kusan kullum a gidanta yake cin tuwo.

Ya miƙe, ya ja da baya, ya saita kyamara.

"Gyara zama, amarya. Ɗago haɓa. Yawwa. Gusau ta sha zamanta, kwandastan ma ai mutum ne."

Ya danna, ya sake dannawa. Ya kawo mata ta gani. Ta karkata kai, ta matso da ido, ta daɗe tana kallo.

"To, yau dai kai ya hito. Allah ya yi ma hannun ga albarka, ko da shike mai shi ba ya da amfani. Ka gama? Kauce man, markaɗena na hucewa, gobe kasuwa."

Ashe duk wannan hakimcewar, gyaɗar da ta kai inji da safe tana ƙarƙashin gado cikin roba, tukunyar ruwan zafi kuma tana tafasa a bayan ɗaki. Ta tashi ta yaye tabarma, ta mirgino turmi tsakar gida da ƙafa, ta juye markaɗen a ciki.

"Kaka, ba za ki canza kaya ba? Lesin zai ɓaci."

"In sa tsumma, in ba da baya, in ji ƙyas? Na san halinku, masu akwati. Muddin kana gidan ga, lesin ga ba ya barin jikina."

"Na rantse ba zan ɗauka ba."

"Rantsuwar wanda ke satar man ƙuli tun yana rarrahe?"

Ta naɗe hannun rigar har kafaɗa, ta tsuke zane, ta ɗebo ruwan zafi ta tsiyaya kaɗan, ta kama taɓarya ta shiga juyawa. Tun markaɗen na da ruwa-ruwa har ya fara kama jikinsa, ya dunƙule, mai ya fara tsattsafowa yana taruwa a gefe. Awarwaro na kacau-kacau, ɗauri na rawa, jijiyoyin hannun nan sun miƙe, rana ta bugi man ta haska mata fuska. Jabir ya ji yatsansa na ƙaiƙayi. Bai taɓa ganin hoto irin wannan ba, kuma yana tsaye a gabansa. Ya ɗaga kyamara, sai ya sauke.

"Kaka."

"Mi kuma?"

"In ɗauka?"

Taɓaryar ta tsaya. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ikon Allah. Yau ga mai akwati da sallama. Ɗankwalina na nan daidai?"

"Yana nan kamar rumbu."

"To ɗauka. In ka yanke man kai, taɓaryar ga na jiranka."

Ya ɗauka ta gaba, ya ɗauka ta gefe, ya kwanta rub da ciki ya ɗauko ta daga ƙasa, tana juyi tana yi masa tsiya, wai ga ɗan jarida ya koma ƙadangare. Da ya gama ya zaɓi guda ya tura cikin waya, ya rubuta a ƙasa dalilin da ya sa mai matsar man gyaɗa ta sa lesi, bai ɓoye komai ba, ya aika Gusau. Ya zauna a kujerar Indo, waya a hannu, yana jiran amsar editan. An ce masa ba kwalliya, shi kuma ya aika da kwalliyar da ta fi ta kowa.

"Shiru kake ji?" in ji Balaraba, tana kwasar mai da ludayi. "Fara gwajin murya. In ka iya, ni za ni zama fasinjarka ta farko, amma gidan gaba nika zama."

"Ke da ko an ɗora ki sai an ɗaure da igiya kamar buhun gero."

"Buhun gero na da daraja. Kai in anka ɗora ka sikeli, allura ba ta ko motsi."

Wayar ta yi ƙara. Jabir ya miƙe tsaye kamar editan na ganinsa, ya kara a kunne, yana ta "na'am, ranka ya daɗe." Can ya toshe bakin wayar da hannu ya juyo, idonsa ya kawo ruwa.

"Kaka, tambaya yake. Wai wace ce wannan matar?"

Balaraba ta ajiye ludayi a hankali. Ta goge hannu, ba a jikin lesin ba, a jikin rigar Jabir.

"Sai yau anka yi tambaya. Hwaɗa mishi Balaraba ta, ɗiyar Malam Mubashir, daga ƙasar Zurmi, mai ƙulin da babu irinai duk Kaura. Ya rubuta duka, kar ya rage. Kuma ka ce mishi lesin nawa na, ba aro ba."

Ya faɗa, kalma bayan kalma, har da zancen lesin. Aka yi dariya a ɗaya gefen har ita ma ta jiyo. Da ya kashe wayar sai ya juyo wurin kakarsa.

"Ya ce hoton ya yi. Ya ce in zo Gusau. Amma yana son na sauran matan unguwa, ni kuwa duk sun kore ni."

"Ba dole su kore ka ba, kana leƙe kamar ɓarawon kaji?" Ta ɗauko kwalba ta cika ta da man farko, mai ɗumi, ta dangwara masa a hannu. "Ungo, kai ma mutumen Gusau, ya san ba da yunwa munka yi hoto ba. Matan kuma bar ni da su. Ni za ni shige gaba gida gida, kai kana biye da akwatinka, ka yi sallama, ka tambayi sunan kowa."

"Allah ya bar mu tare, amarya. Na mai da aure. Mu tafi yanzu?"

"Yanzu? Kai dai ba ka da hankali. Bari in aika a hwaɗa musu tukuna, su samu su yi wanka su ɗaura ɗankwali."

Jabir ya buɗe baki zai yi gardama, ya dubi turmi, ya dubi lesin da ko ɗigon mai bai taɓa ba, sai dariya ta ƙwace masa.

"Na sallama, Kaka. A ce musu har kwalli su sa, zan jira."