Ɗan Gidan Yaya da Garwashi

Yayata da ke aure a Goronyo tana tara wasu ƙananan gidaje na ado da take samu wurin 'yan gwanjo ranar kasuwa. Kowanne bai wuce tafin hannu ba, amma har tagogi gare shi. Wanda ya fi burge ni yana da farin rufi kamar an barbaɗa gari, ga reshen kauci da 'ya'yansa rataye a bakin ƙofa. An ce kayan Kirsimeti ne na Turawa. Wanda ya yi shi gwani ne.

Ni kuwa da na kai mata ziyara na hango ɗan bututu a saman rufin, nan take na gano abin da kowa ya kasa ganowa.

"Yaya, wanga ai na turaren wuta ne. Ta nan hayaƙi ka fita."

"Kai dai aje shi," in ji ta, ta fita tsakar gida.

Ban aje ba. A gaban mijinta da baƙinsa daga Wurno na zuba garwashi a murfin kwano, na barbaɗa turare, na kifa gidan a kai, na koma gefe ina jiran yabo. Hayaƙi kuwa ya fito ta bututun gwanin kyau, har wani baƙo ya gyaɗa kai. Sai rufin ya fara lotsawa, kaucin ya narke, ɗaki ya cika da ƙaurin roba.

Yaya ta leƙo. "Mi ka yi ma gidana?"

Ta ƙi jefar da shi. Yana nan cikin 'yan'uwansa, a karkace. Har yau in na yi sallama, mijinta kan ce wa yara, "Ku kashe garwashi, kawunku ya zo duba gidaje."