Katangar da Teku Ya Tafi da Ita da Hannun Hibatullah

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Bakri Ashafa, magini a unguwar Aƙiƙ ta Madina, yana sanar da 'yan'uwa rasuwar katangarsa ta bakin teku, kudu da garin Yanbu, wadda ta kife cikin ruwa ranar Talata bayan doguwar jinya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Marigayiyar tsayinta bai wuce ƙugu ba. Ya gina ta ne don ta tsare ɗan yashin da iyalinsa ke shimfiɗa tabarma a kai duk hutun Sallah. Mai haƙuri ce, tsofaffi sun jingina da ita, ta ɗauki flas ɗin shayi ba ta taɓa ƙorafi ba. Ranar da aka yi mata shafe, 'yarsa Hibatullah ta danna tafin hannunta a ɗanyen siminti, har ya yi mata faɗa. Shekara ba ta zagayo ba aka kai yarinyar maƙabartar Baƙi'a, inda ba a rubuta suna a kabari. Tun daga nan, wurin hannun nan yake zuwa ziyara.

Ciwon ajalin daga maginin ya samo asali. Bakri ya saba da ruwan kwarin Aƙiƙ, mai zuwa da fushi ya wuce, sai ya gina ta a miƙe, da tauri. Teku kuwa ba baƙo ba ne, mai gida ne. Igiyar ruwa ta doki katanga, ta koma da yashin gindinta. Matarsa Raudatu ta sha gaya masa wurin tabarma yana raguwa, shi kuwa gogan naka sai ya ƙara siminti. Yashin da aka gina ta dominsa shi ya fara rasuwa. Daga nan katangar ta shiga nishi: dum, shaaa, dum, shaaa. Har yau yana jin nishin nan a Madina, inda babu teku, ko yana cikin sahun sallah, kuma tsoro yake ji.

Ta rasu ta bar harsashi a tsirara, da rodi masu tsatsa, da uba ɗaya.

Babu wanka, teku ya riga ya yi. Za a karɓi gaisuwa a gidansa bayan La'asar, akwai gahawa da dabino. Ranar Asabar, in ruwa ya lafa, za a tafi neman gawa. Mai igiya ya zo da ita. Bakri ba katangar duka yake nema ba. Wanda ya tsinci guntun siminti mai ƙananan yatsu biyar, don Allah kada ya kankare gansakukar. Ya bar masa, zai share da kansa, ba zai yi faɗa ba.