Rasuwar 'Yar Kanada, Tsintsiyar da Ba Ta San Ƙura Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bakin da kunya ta ɗaure, Injiniya Badaruddeen Gado na unguwar Bin Mahmud a Doha yake sanar da rasuwar tsintsiyarsa, 'Yar Kanada, ranar Talata da hantsi.

Marigayiyar ta zo hannunsa a 2013, shekarar da ya fara kalin, wasan nan da ake tura dutse a kan ƙanƙara, mutum biyu suna share masa hanya kamar an ce baƙo na tafe. A garin da rana ke dafa ƙwai, ita sanyi kawai ta sani. Shekara huɗu suna buga gasa tare, sau ɗaya suka yi nasara, ranar da jirgi ya bar abokan karawarsu. Da ciwon gwiwa ya hana Injiniya wasa ya koma koyarwa, da ita yake nuna wa ɗalibansa hannu. Ba ta taɓa taɓa ƙura ba. Maganarta ɗaya ce: shuu-shuu-shuu.

Ajali ya zo ne daga Kano, tare da surukarsa Hajiya Sahadatu, wadda ta zo zaman jegon 'yarta Bilqis. Hajiya ta ga tsintsiya rataye a bangon falo kamar hoton aure, ta girgiza kai, ta sauke ta, ta nufi banɗaki da omo. Injiniya yana tsaye. Wa ya isa ya ƙwace tsintsiya a hannun suruka? Yana ji tana shuu-shuu, sannan ƙaras!

Ya yi kuka, ya ce yaji ne ya shiga idonsa. Don Hajiya ta san girman abin da aka rasa, sai ya nuna mata bidiyon gasarsu. Ta kalla har sau uku, ta yaba ƙwarai da yadda yake duƙawa.

Marigayiyar ta bar ɗalibai huɗu, dukkansu masu gadi, da takalmi ɗaya mai santsi na zamiya a kan ƙanƙara, da gasar ɗaliban ta ranar Asabar da ba a san yadda za a yi da ita ba.

Za a kai ta makwancinta a saman kwaba bayan la'asar. Masu zuwa ta'aziyya su bar takalmansu a waje don Allah, domin tun daga ranar bidiyon nan sharar gidan ta koma hannun Injiniya.