Dogo Ya Wanke Mota, Iya Ta Shiga Wata

"Lahiya lau. Ke kam ba a yi miki ya gajiya, tunda bisa katifa kika zo."

Alhaji Dogo ke nan, tsohon direban hanyar Funtuwa, yana amsa gaisuwar jikarsa Bara'atu a ƙofar gidansa a Damba. Ta zo da sabuwar motarta za ta kai kakarta, Iya Delu, wajen suna a Tsafe. Shi kuwa tun da hantsi ya wanke tsohuwar motarsa saboda wannan tafiyar.

"Angona, wagga akwalar har yanzu ba a kai ta gidan tarihi ba?" in ji Bara'atu.

"Akwala? Cikinta na ɗauko kakarki amarya daga Bungudu, gari duk ya hito kallo!"

"Ai har yau ana hitowa. Turi."

"Ƙarfe ce zalla! Taki kuwa robar wanka ce aka sa wa taya. Akuya ta jingina da ita sai ta lotse."

"Taka kuwa kaji sun gama ƙyanƙyasa a kujerar baya. Ƙofarta ma da igiya ake ɗaure ta."

"Tsaro ke nan, yarinya. Wane ɓarawo ya san ƙullin?"

Suna cikin haka Iya Delu ta fito da mayafinta. Ko kallon motar mijinta ba ta yi ba, ta buɗe ta Bara'atu ta zauna a baya.

Dogo ya saki tsumman da ke hannunsa.

"Delu! Shekara da shekaru ina ɗaukar ki, yau sanyin inji ya raba mu?"

"Alhaji, gwiwata ta gaji da turi," in ji Iya, ta ja ƙofa.

"Kin gani ko? Kin zo har gida kin ƙwace mini fasinja guda da ta rage mini. Na sake ki, Bara'atu!"

"Na gode Allah. Za ka shiga ko mu tahi?"

Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta yana tsaki. Can ya buɗe gaba ya zauna, wai aibinta zai duba. Sanyi ya buge shi, kujera ta karɓi bayansa. Sai ya fashe da dariya, ya ciro farin goro ya miƙa mata.

"Kin ci. Amma don Allah ki bi ta bayan tasha, kada direbobi su gan ni."

"Ta gaban tasha za mu bi, Angona. Kuma sai na sauke gilashi."